Haulatu Mu'azu, Wadda Ta Yanke Kofin Baffa Don Ya Rayu

Ranar Lahadi, sha ɗaya ga Disamba, 2022, daidai da sha bakwai ga Jimada Ula, 1444, ɗana Saifuddeen ya dawo gida da hantsi daga asibitin da yake aiki, abin da bai taɓa yi ba a shekara kusan uku da na yi a gidansa a nan Doha. Ya same ni a falo ina karatu, ya durƙusa a gabana da rigar aiki a jikinsa, ya ce, "Mama, sai haƙuri. Inna Haulatu ta cika." Na rufe littafin, na faɗi abin da ya wajaba a kan Musulmi: mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Haulatu, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, kin rasu a gonar mahaifinmu da ke bayan Nguroje, a kan tsaunin Mambilla, kina da shekara sittin da shida. An ce kin yi sallar asuba, kin jira rana ta leƙo, kin fita kina yaye ledojin da ake rufe shanyar kofi da su saboda raɓa. Kin yaye bakwai. A na takwas kika dafa tebur, kika ce wa 'yarki Fausatu ƙirjinki ya yi nauyi, ta kawo miki kujera. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. An yi miki sutura kafin azahar, kusa da iyayenmu, ni kuwa ina nan bayan teku da hamada, ban ga fuskarki ba.

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, sha tara daga ciki ina shugabar makarantar sakandare ta 'yan mata. Na rubuta wa ɗaruruwan mutane takardar shaida, ban taɓa sa hannu a kan yabon da ban tabbatar ba, kuma ba zan fara yau ba don ke jinina ce. Abin da zan faɗa a kanki abu ne da na gani, ko na ji daga bakinki, ko daga bakin waɗanda ba sa yi mini ƙarya. A ciki akwai inda ni ce na yi kuskure, shi ma zan faɗa.

Mahaifinmu Malam Mu'azu, wanda muke kira Baffa, malamin gona ne da aiki ya kai Mambilla, ya ga ƙasa mai sanyi da ruwa, ya ƙi saukowa. A shekarar 1966 ya dasa bishiyar kofi dubu ɗaya da ɗari takwas a gangaren wani tudu, ya sa ayaba da fiya a tsakaninsu don inuwa. A saman gonar akwai marmaro, da ruwansa ake wanke kofi. A ƙasa, gaban gida, ya kafa teburan shanya goma sha biyu na gora da raga. Ni aka tura kwalejin horon malamai, daga can na wuce jami'a a Zariya. Ke kika tsaya a aji huɗu, ba don an hana ki ba, sai don kin fi son bin Baffa cikin bishiyoyi kina riƙe masa kwando. Ko da kika yi aure a Nguroje ba ki fasa zuwa gonar ba, da mijinki ya rasu kuwa kika dawo cikinta gaba ɗaya. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin asarar ƙwaƙwalwa mai kyau.

Wanda bai gan ki a ƙarshen shekara ba bai san ki ba. Daga Oktoba 'ya'yan kofi suke fara nuna, zuwa Disamba kuwa gona ba ta barin kowa ya zauna. Da sassafe, gajimare yana kwance a kwari, sanyi yana cizon yatsu, matan ƙauye suke hawowa da kwandunansu, a gaba Roseline, wadda ta shekara talatin tana jagorantar masu tsinka. Dokarki ɗaya ce: ja kawai. Ba kore, ba ruwan ɗorawa, ba wanda ya baƙanta. Kowace bishiya sai an koma mata sau huɗu ko biyar, domin ba ta nuna gaba ɗaya. Da la'asar ki zauna a bakin kwamin siminti, ki juye kowane kwando a tabarma, ki tsince kore ɗaya bayan ɗaya, ki jera su a gaban mai kwandon ba tare da kin ce uffan ba. Roseline ta taɓa ce mini gara mata zagi da wannan jeri.

Daga nan a zuba cikin ruwa, wanda ya taso sama a kwashe, fanko ne. Sauran a bi da shi ta injin ɓarewa na hannu da Baffa ya sayo tun kina yarinya, wanda kika hana mutuwa da waya da man gyaɗa. Ƙwayar ta kwana biyu a kwami har yauƙinta ya sake, a wanke ta da ruwan marmaro sau uku, sai ta riƙa ƙara a tafin hannu kamar tsakuwa. Sannan shanya: kaurin gaɓa biyu na yatsa, ba fiye ba, a riƙa juyawa, a rufe in rana ta take, a rufe kafin raɓa ta sauka. Ba ki da na'urar auna laima. Haƙorinki ne ma'auni. Ki ɗauki ƙwaya ki ciza, in ta lotsa ki ce a ƙara mata kwana biyu, in ta fashe ki ce a kawo buhu.

Yawancin masu tsinkar Kiristoci ne, don haka kike tsara aiki yadda babbar tsinka za ta ƙare kafin ashirin da uku ga wata, su samu damar shirin Kirsimeti. Ranar nan ki sa a yanka akuya, a tuƙa tuwon masara a babbar tukunya, a ci a filin shanya. Abin da ya rage a bishiyoyi bayan wannan rana kala ne, na matan ne, ba kya taɓa shi, har injin kike ba su aro su ɓare abinsu. Da ƙaninmu Auta ya ce miki kalan nan ya yi yawa, ya kusa zama tsinka sukutum, cewa kika yi, "Ai ban ce ka zo ka taya su ɗauka ba." Shekarar da mijin Roseline ya faɗo daga babur ya karya ƙugu, ke kika kai shi asibitin Gembu, kika yi kwana tara kina kai musu abinci, gonar tana jiran ki a tsakiyar kaka.

Amma bishiya tana tsufa. Baffa ya rasu a 1998 bai taɓa sa wa ko ɗaya ƙarfe ba, mu ma muka bar su yadda ya bari. Suka yi tsawo suka wuce kan mutum, rassa suka yi sirara, 'ya'ya sai a can tsini. Teburan da a zamaninsa suke cika duka a rana ɗaya suka koma tara, suka koma shida. Sai annobar korona ta zo. Ni na taho Doha a Fabrairun 2020 don a cire mini yanar ido, da niyyar mako shida, aka rufe filayen jirgi da ni a ciki. Ban saba zaman gidan kowa ba, ko da na ɗana ne, amma ƙaddara ba ta nemi ra'ayina ba. A can gida iyaka tana rufe, masu sayen da suke hawowa daga Kamaru da Legas ba wanda ya leƙo. Kakar shekarar nan tebur uku kawai aka cika, kuma ko shi ya zauna a ɗakin ajiya yana jiran mai tambaya.

A nan ne Auta ya ta da maganar rabon gado. Tun rasuwar Baffa ba a raba gonar ba, kuma a shari'a rabi nasa ne, mu biyu mata mu raba rabi. Saman gonar yake so, ya dasa zaiti, itacen katakon nan da maƙwabta duka suka koma wa. Auta ba mugu ba ne. Yana da iyali masu yawa a Gembu, kuma abin da idonsa yake gani gaskiya ne. Sai dai kowa a Mambilla ya san zaiti yana shanye ruwan ƙasa. Ya sha busar da marmaron da aka dasa shi a kansa, kuma in namu ya kafe, ba wanki, ba kofi, rabinmu ma ya mutu. A ƙarshen Disamban nan muka haɗu mu uku a waya, ina ganin ku a allo, ku kuna zaune a filin shanya.

"Adda Haulatu, tebur uku fa!" in ji Auta. "Uku! Sauran tara kaji ne suke kwana a kai."

Kika ce, "Kajin ma jikokin Baffa ne."

"Ni ba wasa nake yi ba."

"To, ba ni kaka biyu. In kakar 2022 ta zo, teburan nan sha biyu ba su cika a rana ɗaya ba, ka kawo igiya ka auna rabinka. Ni zan riƙe maka bakin igiyar."

Ya juyo gare ni ya ce, "Adda Babba, kin ji ko? Ke ce shaida."

Na ce na ji. Sannan na ƙara, da muryar da nake rufe taron malamai da ita, cewa bishiyar da Baffa ya dasa da hannunsa ba mai sa mata ƙarfe muddin ina numfashi. Kika yi shiru. Na ɗauka yarda ce.

A farkon Fabrairu Auta ya turo mini hoto, ya rubuta a ƙarƙashinsa, "Ga aikin ƙanwarki." Na sa tabarau, na cire, na sake sawa. Kashi biyu cikin uku na gonar ya zama kututture. Bishiya dubu ɗaya da ɗari biyu, kowace an yanke ta da zarto daidai gwiwa, sun jeru a gangare kamar alamun kaburbura. Na yanke hukunci a take, kamar yadda na saba: ko dai kin sallama wa Auta kin fara share masa fili, ko kuma zuciya ce ta ɗebe ki kika ce kowa ya rasa. Na zauna na rubuta miki wasiƙa shafi huɗu, na tura wa Fausatu ta karanta miki. Kalmar ɓarna ta fito a ciki sau uku. Daga nan na daina ɗaukar wayarki. Wata biyar. Kowace Juma'a sai saƙon muryarki ya shigo, ni kuma in bar shi a rufe.

Ana gobe Babbar Salla surukata Muhsina ta shigo ɗakina, ta ajiye wayarta a cinyata, ta ce, "Mama, Fausatu ce ta turo hoto, ta ce ko ba za ki yi magana ba ki duba." Gangaren nan ne dai, amma kowane kututture ya yi rawanin toho, ganye manya, kore shar, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Na mayar mata da wayarta, na rufe ƙofa, na buɗe saƙonninki daga na farko, na saurare su a jere har la'asar.

Babu zargi ko ɗaya a ciki. Rahoto ne, kamar na malamin gona. Kin ce ana yankewa a karkace don kada ruwan sama ya kwanta a kai ya ruɓar da shi. Kin ce saiwar kofi ba ta tsufa da wuri, kan ne yake tsufa, in aka sauke mata shi sai ta sake sabon jiki. Kin ce kin gani da idonki a 1979, da kika raka Baffa ƙetaren iyaka wurin wani tsohon manomi, kuma a hanyar dawowa Baffa ya ce miki wannan shi ne daidai, amma hannunsa ba zai iya ba. A saƙo na shida kika ce, "Bana ba mai saye, Adda. In dai sai na rasa kaka ɗaya, gara in rasa wadda ba mai nema." A na tara kuwa kika ce, "Na san kina cewa me ya sa ban gaya miki ba. Da na gaya miki da kin hana, da kin hana kuma da na bi, don ke ce babba."

Ban tsaya nan ba, domin ba halina ba ne in karɓi magana ba bincike. Na sa Saifuddeen ya nemo mini littattafan noman kofi, na karanta uku. Tsawon yankan, karkatarsa, lokacinsa bayan kaka, har yawan tohon da ake bari, duk yadda kika yi haka suke a rubuce. Abin da masana suka cika babi guda da shi, ke kin riƙe shi a ka shekara arba'in da biyu daga gani ɗaya. Ranar Salla na kira ki.

Na ce, "Haulatu, na yi kuskure."

Kika ce, "Adda, maimaita, layin ba kyau."

"Kin ji ni sarai."

"Wallahi na ji. So nake Fausatu ma ta zo ta ji, don ba a taɓa yi ba."

Kika yi dariya har kina tari, daga nan kika shiga ba ni labarin tururuwa da suka addabi layi na huɗu. Ba ki sake ta da maganar wasiƙar ba har kika bar duniya.

Yanka shi ne mai sauƙi, abin da ya biyo baya ne aiki. Kowane kututture yana fitar da toho ashirin ko fiye, dole a zaɓi uku mafiya ƙarfi a fizge sauran da hannu, kuma a koma bayan 'yan makonni a sake fizgewa. Kin yi wannan a durƙushe, a kan gwiwoyin da likita ya ce ki hutar. Kin roƙi takin shanu a rugar maƙwabtanmu Fulani, aka riƙa hawo da shi a jaki. Kin shuka wake a tsakanin layuka, ya rufe ƙasa, ya ciyar da gida a shekarar da kofi bai ba da komai ba sai ɗan abin da tsofaffin bishiyoyin da ba a yanke ba a ƙasan gonar suka yi. Mutane suna wucewa ta hanya suna nuna gonar da baki. A Maris na bana, bayan ruwan farko, kika kira ni da safe ba ko gaisuwa, kika juya wayar. Gangaren ya yi fari fat da fure tun daga marmaro har bakin gida, ƙudan zuma suna ta guna har ina jin su daga nan. Kika ce, "Saura ƙanshin, Adda. Shi ne waya ba ta ɗauka."

Akwai wani abu da zaman Doha ya koya mini, wanda ya kamata in sani tun da. Mu a gida ba ma shan abin da muke nomawa. Shayi muke sha, kofi kuwa a buhu yake tafiya ɗanye. A nan na tarar ba a shiga gida a fita ba a miƙo wa baƙo gahawa a ɗan finjali tare da dabino ba. Maƙwabciyarmu a unguwar Ain Khaled, Sana, dattijuwa 'yar Yaman, ita ce take ajiye mini buta a bakin ƙofa lokacin kullen korona, ta ƙwanƙwasa ta ja da baya da takunkumi a fuska. Da ɗan Larabcina na makaranta muka saba. Mahaifinta ma manomin kofi ne a duwatsun ƙasarsu.

A tsakiyar Nuwamba, ana shirin buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, gari ya cika da tutoci da baƙi, Nanret, wata ma'aikaciyar jinya da take aiki tare da Saifuddeen, ta dawo hutu daga Najeriya da ƙulli a jakarta. Kilo uku ne daga tsinkar farko ta sababbin rassa, kin surfa a turmi da kanki, kin aiko ta mota daga Gembu zuwa Jalingo zuwa Abuja. Na ɗauka na kai wa Sana. Ta baza a faranti, ta daɗe tana tonawa da yatsa tana neman baƙa ko fasasshiya, ba ta samu ba. Ta soya a kasko, ta daka, ta dafa, ta ƙi sa masa kayan ƙanshi ko ɗaya. Ta kurɓa, ta sake kurɓa.

Ta ce, "Hajiya, wannan daga ina?"

Na ce, "Daga gonar ƙanwata."

"Wadda ta tsinke wannan ba ta da haƙuri da kore," in ji ta. "Haka babana yake. Khalas, shi ke nan, kira mini ɗana."

Ɗan nata yana da shagon suyar gahawa a unguwar Al-Sadd. Ya zo, ya ɗanɗana, ya tambayi tsawon tudun da yadda ake wankewa, na amsa masa dalla-dalla daga abin da na koya a saƙonninki, ya ce yana son buhu goma in za a iya kawowa. Cikin makonnin gasar gidanmu bai rabu da baƙi ba, abokan Saifuddeen daga Kano da Kumasi da Garwa, kuma duk wanda ya zauna a falon nan ni da kaina na zuba masa, na gaya masa sunan gonar da sunan mai ita. Na kuma matsa miki sai kin soya kin sha, ina kallo a waya. Kika kurɓa, kika yamutsa fuska, kika ce, "Adda! Shekara hamsin ina wahala a kan wannan ɗacin? Shi Larabawa suke sha da gangan?" Kika zuba sukari cokali uku, kika shanye don kada ki kunyata ni.

Ranar Alhamis, takwas ga Disamba, tebur na goma sha biyu ya cika. Kin aika wa Auta tun jajibiri, ya hawo daga Gembu, Fausatu ta riƙe waya don shaida ta gani. Ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya yana tura yatsa, don ya tabbatar ba a baza shanyar da sirara ba.

Kika ce, "Tura da kyau, Auta. Gaɓa biyu, yadda Baffa yake yi. In ka samu inda bai kai ba, igiya tana ɗaki."

Ya kai ƙarshe bai samu ba. A gefe kuma ga daro biyu cike da wankakken kofi, ba inda za a shanya. Ya tsaya yana kallon su. Sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya rataye a reshen fiya, ya ce, "Fausatu, ina guduma? A saro mini gora." Auta, mai shekara sittin, wanda rabonsa da aikin gona tun yana saurayi, shi ya kafa tebur na goma sha uku da hannunsa. Roseline ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa, ni ma a falon Ain Khaled na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Maganarmu ta ƙarshe ranar Asabar ce, bayan isha a nan, magariba a wurinku. Titi ya kaure da hon ɗin motoci da ganguna. Kika ce, "Wace irin hayaniya ce wannan?" Na ce Maroko ce ta ci wasa, ta kai inda wata ƙasar Afirka ba ta taɓa kaiwa ba. Kika ce, "Madalla. Mu ma mun ci namu." Kika ce a gaida Sana, kika ce za ki je ki duba ko an rufe shanya.

Abin da ya faru bayan an dawo daga maƙabarta shi ne na fi so a sani. Roseline ta sami Auta ta ce masa rabin kaka yana kan bishiya, ya nuna, in aka bar shi kwana uku zai zube, kuma ita ba za ta iya kallon wannan ba. Aka yi shawara da liman, aka mayar da zaman makoki filin shanya. Masu zuwa gaisuwa suna zaune a tabarmi tsakanin tebura, in an shafa fatiha sai wani ya miƙe ya juya kofi ya dawo. Matan suka hau gangare da kwanduna suna kuka suna tsinka, kuma Fausatu ta ce da ta juye kwandunan da la'asar ba ta sami kore ko ɗaya ba. Sun ce bana ba ruwansu da ashirin da uku ga wata, sai sun ga ƙarshensa.

Ranar uku Auta ya kira ni. Ya ce 'ya'yan zaitin da ya rena a bayan gidansa ya ba da su, kuma muddin yana raye ba mai auna gonar Baffa da igiya. Muka amince Fausatu ce za ta riƙe ta, don ita ta tashi a gindinki. Da na gaya mata, sai ta ce akwai abin da yake damun ta: tsofaffin bishiyoyi ɗari shida na ƙasa, kin riga kin shafa musu farar ƙasa daidai gwiwa, kin ce a watan Janairu za a yanke, ita kuwa tana ganin hannunta ba zai iya farawa ba. Na ce ta wasa zarto. Na sayi tikitin jirgi da kaina, na sanar da Saifuddeen bayan na saya. Ya ce, "Mama, gwiwarki fa, da hawan tudun nan?" Na ce likita ne shi a asibiti, ba a kaina ba. Ina da shekara saba'in da huɗu, ban taɓa riƙe zarto ba, amma bishiyar farko ni zan yanke, daidai kan layin da kika ja.

Ya Allah, ga baiwarKa Haulatu 'yar Mu'azu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa duk bishiyar da ta raya, da duk bakin da ya ci daga gonar nan, mutum ko tsuntsu, ya zama sadaka mai gudana a gare ta. Ka haɗa ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Ni kuma Ka yafe mini wata biyar ɗin da na hana ta muryata, kamar yadda ita ta yafe tun ban roƙa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fausatu da 'ya'yanta, ga ƙanina Auta da iyalinsa, ga Roseline da dukan matan da suka yi kaka tare da ita, ga maƙwabtanmu na ruga, da jama'ar Nguroje baki ɗaya. Ina gode wa 'yan uwa mazauna Doha, Musulmi da Kirista, da suka cika gidan nan kwana uku. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya yi mata addu'a da sunanta, domin mace ce da ta gama aikinta kafin a kira ta.

Hajiya Atine Mu'azu
Ain Khaled, Doha